Kalmar da Auta Ya Koya Mini a Hanyar Yendi

Kalma ɗaya na iya a Sifaniyanci. A cikin lorin Bawku zuwa Yendi na koye ta, a kan bencin katako, ƙafafuna a maƙale tsakanin buhun albasa da kwandon zabi na wata mata. Ƙanena ne ya koya mini. Ya koya mini wasu da yawa a ranar, sunan akuya da na ruwa da na hanya, duk sun zube kafin mu sauka. Wannan ɗayar ce ta liƙe mini.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yan Mma, ni da shi. Babanmu ya rasu muna ƙanana, Mma ta riƙe mu da kaskon ƙosai da tukunyar koko a zangon Salaga. Auta take ce masa, har kowa ya ɗauka, ni ma haka nake kiransa. Yaro ne mai kai, ga surutu, ga tambaya. A shekarun tamanin, lokacin da gwamnati take kwasar yara masu ƙwaƙwalwa tana kai su karatu Kyuba, sunansa ya fito. Ko gashin baki bai fara ba. Mma ta ce ba inda za shi, ita ba ta ma san ta wace kusurwa garin yake ba. Sai aka aika wa Kawu.

Kawu yayan Mma ne, malami a Yendi, yana kuma da rumfar yadi a kasuwa. A danginmu in Kawu ya yi magana an gama. Ya zo Salaga ya ce ilimi ne, kyauta ne, maraya ba ya mayar da irin wannan. Mma ta kwana biyu tana daka masa yaji da ƙuli-ƙuli, ta ƙulla masa gari a tsumma. Aka ce mata ba za a bar shi ya hau jirgi da su ba, ta ce a bari ya ci a hanya. Haka ya tafi. Ni kuma ba da jimawa ba aure ya kai ni Bawku, gidan wani mai fataucin albasa.

Auta yana can Mma ta kwanta. Ciwon bai ɗauki lokaci ba, damina ɗaya bai ma cika ba. Na zo daga Bawku na yi jinyarta, a hannuna ta cika. Ranar sadakar uku, bayan an watse, Kawu ya tara mu a tsakar gida ya yanke hukunci: ba za a gaya wa Auta ba sai ya dawo.

A wurinmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar an jefa masa dutse. Babba ake samu, ya zaunar da shi, a kewaye shi, sannan a faɗa. Wanda yake kan hanya ba a gaya masa sai ya sauka, wanda yake cin abinci sai ya wanke hannu. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ta da kyau ba. Amma an yi ta ne don wanda ya tafi Kumasi sayen goro, zai dawo bayan sati biyu. Ba wanda ya taɓa gwada ta a kan yaron da ke bayan teku, wanda saura masa shekara uku. Na buɗe baki na faɗi haka, da ladabi, kaina a ƙasa.

Kawu ya dube ni ya ce, "Wa zai zauna da shi a can? Wa zai yi masa ta'aziyya? Mutanen da ko Allah ba su sani ba? Ki bari yaro ya gama karatunsa, ya zo cikin danginsa, mu ba shi haƙuri yadda ya kamata."

Na ce uwarsa ce fa. Ya ce ni yarinya ce. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, na ƙarshen yana goye a bayana. Tun daga ranar duk amsar wasiƙar da za a aika wa Auta Kawu ke tsara ta, kuma kullum kowa yana lafiya, Mma tana gaishe shi. Da ma Mma ba ta rubutu, wani ke rubuta mata, don haka babu abin da ya canja a idonsa.

Da lokacin dawowarsu ya yi, Kawu ya sake tsara komai kamar mai shirin yaƙi. In an bar Auta ya kama hanyar Salaga daga Ankara, inda jirginsu zai sauka, tun a bakin ruwan Yeji zai haɗu da wata mai sayar da kifi ta yi masa gaisuwar mutuwa. Saboda haka maigidana, wanda ya kai albasa kudu, shi aka sa ya tare shi ya taho da shi Bawku. Aka ce a gaya masa Mma tana Yendi wurin Kawu. Aikina ni shi ne in raka shi daga Bawku zuwa zauren Kawu, in kama bakina.

Na ga wani dogon mutum ya shigo gidana da gashi cunkus da jaka a kafaɗa, kafin in ce wane ne ya ɗaga ni sama ɗungurungum a gaban surukata. Kunya ta kusa kashe ni. Likitan dabbobi ya zama. Hausarsa ta tsufa a bakinsa, ta koma irin ta kasuwar Bawku, babu mace babu namiji, in kalma ta ɓace masa sai ya yi ta kaɗa yatsu har ta dawo. Ya ci tuwo da miyar kuka malmala uku yana lumshe ido. Yana wanke hannu ya ce, "Yaya, Mma ya tsufa sosai? Har yanzu yana soya ƙosai?"

Na ce ta daina suya. Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Da safe muka hau lori. Damina ce, hanyar ta lalace, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani. Auta ko a jikinsa. Yana leƙe ta taga, duk abin da ya gani sai ya gaya mini sunansa da yaren can, ya sa ni in maimaita, in na karya ya tuntsire da dariya har mutanen bencin gaba su juyo. Ya ba ni labarin gonakin lemo da suke aiki a ciki rabin yini, da shinkafa da baƙin wake da suka ci har suka gaji. Bayan kowane labari sai ya ce wannan zai ba Mma dariya. Ni ina ta gyaɗa kai ina murmushi.

A gindin hawan Nakpanduri lori ta tsaya, injin ya yi zafi, aka ce kowa ya sauka a jira ya huce. A nan na lura da wata matashiyar mata da muka taso tare tun daga Garu. Ta koma gefe ta zauna a kan dutse, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Wata tsohuwa ta tambaye ta, ta ce mahaifinta ne ya rasu, gida za ta. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, sai haƙuri, aka shafa fatiha, aka koma sayen gyaɗa da dafaffen ƙwan zabi. An yi abin da ake yi.

Ban ankara ba sai na hango Auta ya je ya zauna a kan dutsen nan, kafaɗa da kafaɗa da matar mutane, ya kama hannunta ya riƙe cikin nasa biyu. Ita ma mamaki ya sa ta kasa janyewa, sai kukan ya ƙwace mata da gaske. Wani dattijo mai carbi ya ja tsaki. Yaron mota ya fara dariya. Na tafi da sauri na finciko shi ta hannun riga, ina ba mutane haƙuri, ina cewa baƙo ne, daga waje ya dawo, bai san kan gari ba. Na ja shi bayan lori na wanke shi tas. Na ce in mijinta yana cikin motar nan, da yau sai dai a kai wa Kawu gawarsa.

Ya tsaya yana kallona kamar ni ce na yi abin kunyar. Ya ce, "Yana kuka, Yaya. Kowa ya bar shi shi kaɗai."

Na ce an ba ta haƙuri ai, me kuma ya rage?

A nan ya gaya mini kalmar. Consolar. Ya sa na faɗa, na ce kwansola, ya gyara mini, na sake faɗa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce a makarantarsu ya koye ta, a shekararsu ta biyu, ranar da labari ya zo cewa mahaifin wani ɗan ɗakinsu, ɗan garin Wa, ya rasu. Shugabar makarantar ta kira yaron a ranar, ba ta yi kwana-kwana ba, ta gaya masa. Yana fitowa wata ƙatuwar mata mai dafa musu abinci ta tare shi a baranda, ta rungume shi da hannunta duk albasa, ta ƙi sakinsa har ya yi kukan ya gaji. 'Yan ɗakin ba wanda ya je gonar lemo ranar. Suka hau gadonsa suka zauna, wani ya riƙe masa kai, wani ƙafa. Musulmin cikinsu suka yi masa addu'a da abin da suka tuna. Kwana da kwanaki ba a bar shi ya ci abinci shi kaɗai ba. Malamarsu ce ta rubuta kalmar a allo ta ce abin da suka yi ke nan. Auta ya ce tun daga nan duk wanda aka yi wa rasuwa haka suke masa, shi kansa ya zauna a gadon mutum huɗu ko biyar.

Na jingina da jikin lori, ƙarfen da zafi amma ban ji ba. Ashe akwai masu zama da shi. Akwai mai rungumarsa, har da mai riƙe masa ƙafa. Shekara uku ina haɗiye maganar nan, ina lallashin kaina da cewa Kawu ya fi ni sani, yaron ba shi da kowa a can. Kawu bai taɓa wuce Kumasi ba, bai tambayi kowa ba, ya zauna a kan buzunsa a Yendi ya yanke wa mutanen wata duniya hukunci cewa ba su san ciwon mutuwa ba. Kuma dukanmu muka ce to.

Maganar ta zo mini har baki. Na dube shi, na dubi jama'ar da ke tauna gyaɗa, na dubi dattijon nan mai tsaki. In na faɗa a nan, a bakin hanya zai ji mutuwar uwarsa, daga bakin mace, alhali babba yana jira. Har in mutu dangi ba za su daina faɗa ba. Direba ya buga hon, aka ce a hau. Na ce wa raina saura kaɗan, a Yendi akwai dangi, akwai malamai, za a yi masa abin da aka yi alkawari.

Mun isa Yendi bayan azahar. Kawu ya tara abokansa a zaure, dattawa biyar ko shida, kowa da babbar riga. Auta yana cire takalmi yana leƙen cikin gida yana tambayar ina Mma. Aka ce ya zauna ya sha ruwa. Ya sha, ya sake tambaya. Aka ce ya ci abinci tukuna, matafiyi ne. Aka kawo masa sakwara da miyar gyaɗa da naman zabo, ya ci loma kaɗan don kunya. Ni an tura ni cikin gida wurin matar Kawu, amma na tsaya a bayan ƙofar zaure inda nake jin komai.

Kawu ya fara daga nesa. Ya yi maganar duniya da ƙarewarta, ya kawo annabawa da suka tafi, ya kawo Babanmu. Hausarsa ta malamai ce, mai nauyi, rabinta ta fi ƙarfin kunnen Auta. Ina jin yaron yana cewa na'am, na'am, bai gane inda aka dosa ba. Sai da wani daga cikin dattawan ya gaji ya ce masa a fili, da irin Hausar da zai gane, "Mma ɗinka ya rasu, yaro. Sai haƙuri."

Auta ya tambaya yaushe, jiya ko yau. Kawu ya ce damina uku ke nan.

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan nan ba. Daga cikinsa ya fito, kamar an taka shi. Na tura ƙofar zan shiga, matar Kawu ta riƙe mini zane ta baya ta ce zauren maza ne, in rufa wa kaina asiri. Ta tsagar ƙofa nake hangensa, durƙushe a tsakiyar tabarma, yana juyawa yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, hannuwansa a buɗe. Ba wanda ya matsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, suna jira ya gama.

Kawu ya ce, "Kai, ya isa. Namiji ne kai. Abin da suka koya maka a can ke nan? Kukan nan azaba ne gare ta. An yi makoki an gama tun tuni, kada ka tayar mana da shi."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Aka kira la'asar, dattawan suka miƙe suna karkaɗe riguna, kowa ya ce masa ya haƙuri a kan hanyarsa ta fita. Daga masallaci Kawu ya wuce rumfarsa, don ranar kasuwa ce. Wannan ita ce ta'aziyyar da aka ajiye masa shekara uku. Ko sakwarar da ke gabansa ba ta gama hucewa ba.

Da zauren ya zama ba kowa na shiga. Ya daina kukan, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Na durƙusa kusa da shi, na miƙa hannu zan kama nasa yadda na ga ya yi wa matar nan. Ya janye. Ya tambaye ni ko na sani tun a Bawku. Na ce a hannuna ta rasu. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya fita ƙofar gida ya tsaya.

Washegari muka kama hanyar Salaga ta Bimbila. Benci ɗaya muka zauna, amma ko sau ɗaya bai juyo ba. Ni ma haushi ya fara cina, har da nasa. Ni na wanke Mma, ni na yi jinya, ni na sha kukana ni kaɗai a ɗakin miji a garin da ba nawa ba, ni aka ce wa yarinya. Yanzu kuma ni ce mai laifin da za a juya wa ƙeya, Kawu yana can yana auna yadi. Ban faɗa masa ba, na bar shi a cikina har muka iso.

A zango murna aka tare shi da ita. Mata suka fito suna guɗa, ga dokta, ga ɗan Kyuba, ka yi tsawo, me ka kawo mana. Su a wurinsu mutuwar Mma tsohon labari ne, an yi wasu mutuwar da yawa a bayanta. Sai can wata ta tuna ta ce, af, ya haƙurin Mma, ya amsa da kai. Ɗakinta wani ɗan baffanmu ya mayar da shi wurin ajiyar doya. Auta ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon doyar.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka wani tsoho maƙwabcinmu, wanda yana cikin waɗanda suka kai ta, shi ya raka shi. Kaburburanmu ba a rubutu a kansu, tudun ƙasa ne da ɗan icce ko fasasshiyar tukunya. Damina uku ta bi ta kai, ciyawa ta kai ƙugu. Daga baya tsohon ya gaya mini sun yi ta zagaye, shi kansa ya rikice, ƙarshe ya nuna masa wani fili tsakanin bishiyar ɗorawa da gidan tururuwa ya ce nan wajen ne, in Allah ya so.

Ina zaune a kan turmi a tsakar gida ya dawo, wandonsa duk ƙaya da jar laka. Rana ta take. Ya zauna a dakalin ɗakin Mma, nesa da ni kaɗan. Na yi zaton zai yi faɗa, har na shirya amsa, don ni ma ina da abin faɗa. Muryarsa a kwance ta fito.

"Yaya, ka san a can salla yana da wuya. Babu masallaci, babu liman. Amma ban bari ba, don Mma ya ce kar in bari. Kowane salla ina roƙa mishi tsawon rai. Shekara uku yana cikin ƙasa, ni ina roƙa mishi tsawon rai. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙan shi ba. Ɗa namiji ɗaya yake da shi."

Duk amsar da na shirya ta watse. Kawu da karatunsa, dattawan nan da carbinsu, da ni, ba wanda ya taɓa tunanin wannan. Muna ta lissafin abin da za mu tsare wa yaron, ba mu lissafa abin da muke hana matar da ke kwance ba.

Ya tashi ya ɗauki buta ya yi alwala a bakin rariya. Ya shimfiɗa buhu a gaban ɗakin, ya yi salla, ya zauna ya ɗaga hannu. Na gyara mayafina na matso bayansa, na buɗe tafin hannuna ina jira. Ya daɗe yana roƙo, leɓɓansa suna motsi, amma bai ɗaga murya yadda zan ji in ce amin ba.